Fita Bayan Gari da Kare a Lokacin Hutu

Masu sauraronmu na cikin garin Dutse, daga Limawa da Garu har Fagoji da Takur, da na karkara, Kudai, Madobi, Sakwaya, Chamo, har zuwa Kiyawa da Birnin Kudu, barkanmu da warhaka. Iyayenmu maza da mata, barka da hutawa. Samari da 'yan makaranta, ku matso kusa da rediyo, don yau rabin maganar taku ce.

Hutu ya zo. An rufe makarantu, an kwashe amfanin gona, sanyin hunturu ya fara sauka. Abin da za mu tattauna yau ba ya cin ko kwabo: fita yawo da ƙafa a bayan gari, a ga duwatsu da dabino da fadama. Wanda kuma yake da kare a gida, ya fita da shi.

Na san akwai dattijon da ya riga ya gyara zama yana cewa, "Yau kuma zancen kare aka kawo mana?" Baba, a yi haƙuri a saurara. Ba na kiran kowa ya je ya nemo kare ya ajiye don ado. Hadisi ya yi gargaɗi a kan ajiye kare ba tare da dalili ba, ya kuma keɓe karen farauta da na kiwo da na gona. Malamai sun tattauna batun karen gadin gida, har masu sharhin littafin Risala suka kawo labarin cewa mai littafin da kansa, Ibn Abi Zaid Alƙairawani, ya ajiye kare don tsaro lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Wanda yake son bayani filla-filla, ga malamai nan a kowace unguwa, ya je ya tambaya. Ni maganata a kan karen da ya riga ya shigo hannunka ce. Tunda ka ajiye shi, ya zama amana.

To, yaya muke riƙe da amanar? A gidaje da yawa, musamman sababbin unguwanni, za ka tarar da kare a ɗaure da sarƙar da ba ta kai taku uku ba, ko a cikin kejin ƙarfe da rana ke duka tun hantsi har la'asar. Ba ya fita, ba ya gudu, ba ya ganin kowa sai mai miƙo masa ragowar tuwo. Daga baya maigida ya riƙa mamakin yadda karen ya zama mafaɗaci, yana haushi dare da rana, har ya ciji ɗan gidan. Dabba ce da Allah ya halitta da ƙafar gudu da hancin bin sawu. In aka hana shi duka biyun, ƙuncin da ya taru a cikinsa sai ya nemi mafita. Mun san labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Mun kuma san labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Duka biyun suna cikin ingantattun hadisai, kuma yaranmu suna karanta su a Islamiyya. Abin da ya rage shi ne mu waiwaya mu dubi bayan gidajenmu.

Shi ma maigidan, tafiyar magani ce gare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babban mutum ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Wanda yake fita minti talatin, kwana biyar, ya cika. Ma'aikacin da yake wuni a kujera a sakatariya, da ɗan kasuwar da yake wuni a shago, da mai fama da hawan jini ko ciwon suga, duk wannan kira ya shafe su, ko da kare ko babu.

(Ɗan kiɗa)

To, ina za a nufa?

Mu fara da abin da yake a ƙofar gidanmu. Mutumin Limawa ko Garu ba ya bukatar mota kafin ya isa gindin dutse. Labarin baka ya ce wani maharbi mai suna Duna Magu ne ya fara gano wannan wuri, ya same shi cike da gada, daga nan aka samu sunan Dutse Gadawur. Ashe tun asali mai yawon daji ne ya buɗe mana garin. Amma tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, Dutse ta zama babban birni, mutane da yawa sun zo sun zauna shekara da shekaru ba su san garin ba sai daga gida zuwa ofis. Ranar Juma'a da yamma kowa ya kama hanyar Kano ko Haɗeja ko Gumel. Haka ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011: wani zai gama karatu bai taɓa hawa dutse ko ɗaya ya dubi garin daga sama ba. Wannan asara ce.

A fita bayan sallar asuba, da gari ya ɗan waye har kana iya ganin inda kake sa ƙafa. A lokacin dutsen yana da sanyi, iska ba ta tashi da ƙura ba. Ka bi hanyar da awaki da masu itace suka riga suka fitar, kada ka ƙirƙiro taka. Da ka ɗan yi sama, ka tsaya ka juya. Za ka ga rufin gidaje da hasumiyar masallatai, hayaƙin murhun kunu yana tashi daga tsakar gidaje, kawunan dabino sun yi cirko-cirko a kwari, can nesa kuma gonaki sun miƙe da kuka da gawo da tsamiya jefi-jefi a cikinsu. Idan hazon hunturu ya yi kauri, duwatsun nesa sai su zama inuwa kawai, rana ta fito fara sol, har kana iya kallonta ido da ido. Kai kana kallo, shi kuma karen yana karatu da hanci: nan kurege ya wuce, nan damo ya shige rami, nan bushiya ta kwana. Ka bar shi ya shinshina, kada ka yi ta fizgar igiya. Wannan shinshine-shinshinen shi ne rabin daɗin fitar a wurinsa, kuma yana gajiyar da shi yadda gudu ke yi, ya koma gida ya kwanta lafiya.

Abu biyu a kan duwatsu. Na farko, a nisanci wuraren da ake fasa dutse, domin akwai nakiya da manyan motoci da ramuka masu zurfi. Na biyu, kada a bar kare ya cusa kai cikin kogo ko ƙarƙashin falalen dutse, kada yaro ma ya zura hannu. Nan ne makwancin maciji da kunama.

Hanya ta biyu ita ce ta cikin dabino da lambuna. Dutse ta yi suna da dabino, shi ya sa ma cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa ta buɗe reshenta na binciken dabino a nan. Tafiya a ƙarƙashin dabino tana da daɗi ko da rana ta ɗan ɗaga, ga inuwa, ga kukan kurciya da hasbiya. Amma kowane dabino da mai shi, kowane lambu da wanda ya sha wahalar ban-ruwansa. A bi gefe, a yi sallama, a ce, "Sannu da aiki, Baba, za mu ɗan ratsa." Ban taɓa jin manomin da aka yi wa haka ya hana hanya ba. Kare kuwa ya kasance a igiya, gajera, don kada ya tattake kwamin albasa ko latas, kada kuma ya yi kashi a inda ake shuka abin da za a ci ɗanye. Kashin kare yana ɗauke da ƙwayayen tsutsar ciki masu kama mutum, musamman yara. In ya yi a hanya, a tona a binne.

Hanya ta uku, wadda ni na fi so a wannan lokaci na shekara, ita ce ta cikin gonaki bayan girbi, a kan tudun yashin nan da jiharmu ta shahara da shi. Da damina ba ka ganin gabanka saboda tsayin gero da dawa. Yanzu kuwa fili ya buɗe, ido yana tafiya har inda ya gaji. Gawo, wanda ya zubar da ganyensa da damina, yanzu ne ya yi kore shar, garken shanu suna hutawa a ƙarƙashinsa, balbela na bin sawunsu. Magarya ta nuna, kanya ma tana nan, yara su tsinka su ci. Wanda ya fita da 'ya'yansa, ga makaranta kyauta: wannan sabara ce, wannan kalgo, wannan aduwa, wannan tumfafiya, kada ka taɓa ruwanta ka shafa a ido. Akwai yaran da aka haifa a Dutse da suka san sunayen 'yan ƙwallon Sifen kaf amma ba su iya bambanta marke da ɗorawa ba. Ba laifinsu ba ne. Ba a kai su ba ne.

Wanda yake da abin hawa yana iya zuwa madatsar ruwa ta Warwaɗe ya bi gefen ruwa, ya ga masunta da zalɓe. Sai dai a ji daɗin ruwan da ido. Ruwan da yake kwance wuri ɗaya, inda katantanwa ke hayayyafa, shi ke kawo tsargiya, ciwon nan da ke sa yaro fitsarin jini. Kada a bar yara su shiga wanka.

Sai Birnin Kudu. Ina roƙon duk wanda bai taɓa zuwa ba ya sa ta a cikin hutun nan. A Dutsen Habuɗe da Dutsen Mesa akwai zanen shanu da mutanen dā suka yi a jikin dutse, har da irin shanun da ba su da tozo, waɗanda ba su muke kiwo a nan yanzu ba. Akwai kuma duwatsun da in an buga su suke ƙara kamar ƙarfe. A tsakiyar shekarun 1950 wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya yi rubutu a kansu, yanzu kuma suna ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. In an je, a nemi mai kula da wurin ya yi jagora. Kada a taɓa zanen, kada a rubuta suna da gawayi ko alli a kusa da shi. Kare ya tsaya a waje tare da wani, ba ya da abin yi a cikin kogon.

Akwai kuma wurin da zan ce a je, amma a bar kare a gida: Baturiya, a ƙasar Haɗeja. Dausayi ne da tsuntsaye ke zuwa daga Turai suna cin hunturu, kuma a 2008 aka sa shi cikin jerin dausayin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Tsuntsun da ya keto hamadar Sahara ya sauka don ya huta ya yi ƙiba kafin ya koma. Kare ɗaya da aka saki zai tayar da ɗaruruwa, kowane tashi kuma ƙarfi ne suke ƙonawa. Ba wurin kare ba ne.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan fita yawo bayan gari da kare a lokacin hutu. Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi.

Muna cewa "daji" kamar ba shi da mai shi. A ƙasar Dutse babu taku ɗaya da ba hanyar abincin wani ba ce. Burtali na makiyayi ne. Tarin kara da harawa na manomi ne. Rijiya ta mutanen ƙauye ce. Wanda ya fito shan iska baƙo ne a wurin aikin mutane, ya kamata ya yi ladabin baƙo.

Babban abin da ke haddasa rigima shi ne kare da dabbobi. Karen gari da bai saba da tumaki ba, da ya ga garke sai jininsa ya motsa. Ko bai ciji ko ɗaya ba, korar da zai yi tana iya sa tunkiya mai ciki ta yi ɓari, ko ɗan akuya ya karye. Saniya mai sabon maraƙi kuwa ba ta wasa, za ta taso wa karen, karen ya gudo bayanka, ka ga an jawo maka abin da ba ka shirya ba. Ga kuma karnukan ruga, waɗanda aikinsu ke nan su kori baƙon kare. Saboda haka da ka hango garke ko ruga, ka taƙaita igiya, ka yi sallama daga nesa, ka tambayi makiyayin ta inda za ka bi. Hausawa suka ce in ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Da ka ga ya kafe, ya miƙe kunnuwa, ya zuba wa ɗan rago ido, kada ka jira, juya shi. Amma in har saniya ta riga ta taso muku gadan-gadan, saki igiyar. Karen ya fi ka gudu, zai tsira, kai kuma ka samu ka kauce.

Wannan ba a nan kaɗai ake yi ba. A Ingila, inda yawo da kare a karkara ya zama al'adar hutu, doka ta ce a filayen da aka buɗe wa jama'a dole kare ya kasance a gajeriyar igiya kusa da dabbobi, haka kuma daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, saboda tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa. Mu ma muna da fakara da zabin daji masu ƙwai a cikin ciyawa, kuma duk mafarauci zai gaya maka sun ragu.

Sai haƙƙin mutane. Da yawa daga cikinmu ba sa son kare ya taɓa su ko tufafinsu, musamman mai alwala da ke hanyar masallaci. Wasu kuma tsoro suke ji, yara da mata da tsofaffi. Cewa "ai ba ya cizo" ba amsa ba ce. Mai jin tsoro ba hujja yake nema ba, hanya yake nema. Kai ne za ka ratse gefe, ka riƙe karenka har ya wuce. Kada a bi da kare ta ƙofar masallaci, ko maƙabarta, ko makarantar allo, ko cikin kasuwa. Kada ya sha a guga ko kwarya ko bokitin mutane a bakin rijiya. Ka tafi da gorar ruwanka da ɗan kwanonsa na daban. In kuma ka san karenka mai cizo ne, ka sa masa takunkumi kafin ku fita. Samari, musamman ku: tsoratar da yara ko 'yan mata da kare ba wasa ba ne, zalunci ne, kuma shi ke sa unguwa ta tsani duk mai kare.

Shi ma karen yana da nasa haƙƙin a hanya. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, da haki yake fitar da zafi. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi a nan ke haura digiri 40, dutse da yashi da kwalta suna iya ƙona tafin ƙafarsa. Ka ɗora bayan hannunka a ƙasa; in ba ka iya jurewa ba, shi ma ba zai iya ba. A irin wannan lokaci sai da sassafe ko dab da magariba. Karnukan waje masu yawan gashi, irin waɗanda 'yan sanda ke amfani da su, sun fi namu na gida saurin galabaita. In ka ga hakin ya yi yawa, harshe ya zazzago, yana tangaɗi, ka kai shi inuwa, ka jiƙa masa ciki da ƙafafu, ka ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Da an dawo gida a duba tsakanin yatsunsa, a cire ƙarangiya da tsidau, a duba kunnuwa da wuya saboda kaska.

Maciji kuwa, kububuwa da kasa da gamsheƙa duk muna da su, sun fi fitowa da damina da lokacin girbi. A sa takalmi rufaffe. In tsautsayi ya faɗa wa mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a yi asibiti da shi nan take.

Na bar mafi girma a ƙarshe, kuma ina roƙon uwaye mata su saurara da kyau: ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duk wanda ya kamu, daga kare ya samo shi. Ciwo ne da in alamunsa suka bayyana, mutum ya fara firgita da ruwa, to sai dai addu'a. Amma kafin nan ana iya tare shi tsaf. Tun 1885 Louis Pasteur ya fara yi wa ɗan adam allurarsa a Faransa, kuma a nan Najeriya cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom, a Jihar Filato, tana yin ta karnuka.

Don haka kada kowa ya fita da karen da ba a yi wa allurar rigakafi ba. A daji zai haɗu da karnukan da ba a san lafiyarsu ba, cizo ɗaya ya isa ya kawo ciwon har tsakar gida. Ana fara allurar tun ɗan kwikwiyo yana wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara. A je asibitin dabbobi, a karɓi takardar shaida a adana. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura, ciwon yana daina yawo a yankin. 'Yan farauta, ku da kuke fita da karnuka da yawa da rani, wannan kira ya fi shafar ku.

In kare ya ciji mutum, ko ya yakushe shi, ko ya lashi wani rauni a jikinsa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana har tsawon minti 15. A duba agogo, minti 15 cikakku. Kada a sa toka, ko barkono, ko ganye. Daga nan a tafi asibiti a ranar, a faɗi cewa kare ne, a karɓi allurai, a kuma cika su har ƙarshe ko da raunin ya warke, domin ciwon yana iya ɓuya wata biyu ko uku kafin ya fito. Karen da ya yi cizon, in an san shi, a killace shi kwana goma, likitan dabbobi ya sa masa ido. In aka ga kare ya canza hali, yana dalalar da miyau, yana cizon duk abin da ya tarar, kada yara su bi shi da jifa, a sanar da mai unguwa da ma'aikatan dabbobi.

Iyaye, ku gaya wa yaranku yau da daddare cewa duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa ya zo ya faɗa, ba za a doke shi ba. Yara da yawa suna ɓoyewa ne don tsoron faɗa.

Lokaci ya cim mana. Wanda zai fita gobe da safe, ya faɗa wa mutanen gida inda ya nufa da lokacin da zai dawo, ya tafi da waya da ruwa, kuma zai fi kyau a tafi mutum biyu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.